Ledar Kwamfutar Alhaji Sabitu

Akwai wani ɗan kasuwa a Nguru, Alhaji Sabitu, mai sayar da bandar kifi. A shekarar 2006 ya ga maƙwabcinsa ya sa kwamfuta a shago, sai ya rantse shi ma sai ya sa. Ba wani aiki zai ba ta ba, don dai a ce yana da ita.

Ya sayo sabuwa dal daga Kano, ya aika Gashuwa aka kira Haula, wata matashiya mai sana'ar haɗa wa mutane kwamfuta. Ta cire ledojin, ta haɗa komai a kan tebur kusa da taga, ta ce, "Alhaji, ta waɗannan ƙananan ramukan akwatin yake shan iska. Kar a toshe su, kuma a nisanta shi da kifi."

Tana fita ya taɓe baki. "Kaya ba leda, wa zai san sabo ne?"

Ya tsinto ledojin ya naɗe akwatin, ya bi da salatif. Sannan ya kai kwamfutar cikin sito, tsakiyar kwalayen kifi, wai kwaɗon ƙofar siton ya fi ƙarfi. A nan yake zama yana ɓarar kifi yana danne-danne, hannu duk maiƙo.

Ba a daɗe ba kwamfuta ta fara jan ƙafa. Da safe ta ɗan taɓuka, rana na ɗagawa, kun dai san zafin Nguru, sai kibiyar kan allo ta tsaya cak. Ka danna abu, ka je ka yi alwala ka dawo bai buɗe ba. Can sai ta mutu da kanta.

Ya canja janareta, bai ga canji ba. Ya ɗaɗa wa akwatin mari, shiru. Sai ya kira Haula a waya.

Ta tambaye shi, "Alhaji, a ina take yanzu? An rufe ta da wani abu ne?"

"Ke yarinya, ni za ki yi wa tambayar 'yan sanda?" Ya kashe wayar.

Daga nan ya yanke hukunci shi kaɗai: Haula ta kwance kayan ciki masu kyau ta sa masa tsofaffi. Ya faɗa a layin 'yan kifi, ya faɗa a tasha, direbobi suka kai maganar har Gashuwa. A lokacin wata makaranta mai zaman kanta ta ba Haula aikin haɗa mata kwamfutoci, aiki mafi girma da ta taɓa samu. Mai makarantar ya ce ta dakata, ba zai damƙa kaya a hannun wadda ake kira ɓarauniya ba.

Haula ta shiga mota ta zo Nguru, ta ce a buɗe akwatin a gaban shaidu. Abin ya yi wa Alhaji daɗi. Ya tara 'yan kasuwa don a ga kunyarta, har da Malam Dunoma, babban dillalin da ke saya wa 'yan kudu kifi a wurinsa.

Ana yaye ledar wani wari ya bugi mutane, na gaba suka ja da baya. Haula ta toshe hanci ta ce, "Baba Dunoma, duba tambarin kamfani da ke manne a bakin murfin."

Dattijon ya duƙa ya duba. "Bai yage ba. Ba a taɓa buɗe abin nan ba."

Ta sa sukudireba ta kwance murfin. Jama'a, kyankyasai! Manya da ƙanana suka yi ta tuɗaɗowa suna hawa ƙafafun mutane. Ta ramin wayar wuta suka shiga, suka samu ɗumi da duhu suka hayayyafa. 'Yar fankar da ke sanyaya injin ta maƙale cikin baƙin maiƙo da matattunsu, ga ƙwayayensu jere a kowane lungu. Wani ya fita waje yana kakarin amai.

Ta kakkaɓe, ta goge fankar, ta mayar da kwamfutar bakin taga. Tana kunnawa komai ya riƙa buɗewa nan take.

Kun san me mutumin nan ya ce? "To ai ta gyaru, kowa ya kama gabansa." Ko kallon Haula bai yi ba. Wannan ta fi kyankyasan ba ni ƙyama.

Malam Dunoma bai tafi ba. Ya zaro wuƙa ya yanke igiyar kwalin kifi ɗaya, ya leƙa, ya ga kyankyasai a ciki, ya tofar da yawu.

"Alhaji, ka kira ni shaida, na kuwa shaida. Yarinyar nan ba ta ɗauki komai ba. Kifin nan kuma ba zan loda wa mutanena shi ba."

Da kansa ya je Gashuwa ya faɗa wa mai makarantar abin da idonsa ya gani, aka mayar wa Haula aikinta.

Da ciniki ya tsaya wa Alhaji Sabitu, sai ga shi a ƙofar shagonta yana ƙasa da murya, wai ta yafe masa a rufe maganar tsakaninsu.

Ta ce, "Na yafe, Alhaji. Amma a tsakiyar kasuwa ka kira ni ɓarauniya. A can za ka je ka janye."

Darasi: In abu ya lalace a hannunka, fara duba abin da kai ka yi masa kafin ka ɓata sunan wani, domin sunan mai sana'a shi ne abincinsa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu saurin kiran mutane ɓarayi.