Jan Salatif a Aljihun Sallau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Sallau ake ce masa. Gyaran wayoyin mota ne sana'arsa, a gareji, ƙarƙashin wata darbejiya. Ba shi da shago. Akwatin ƙarfe ɗaya, mita ɗaya ta gwajin waya, sai benci mai gurguwar ƙafa. A zamanin da motoci masu ƙwaƙwalwa suka fara shigowa ne, makanikai na buɗe gaban mota suna rasa inda za su taɓa. Shi Sallau ya iya su. Sunansa shi ne jarinsa, ba shi da wani.

Ku saurara, sai na gaya muku wani abu game da inji kafin ku gane labarin. Akwai wani ɗan ƙarfe, bai kai babban yatsa ba, ana ɗaura shi a jikin inji, kansa a cikin ruwa. Sensa suke ce masa. Aikinsa ɗaya: ya ji zafi, ya aika wa ƙwaƙwalwar mota ta waya biyu, ita kuma ta ta da fanka. Ƙwaƙwalwa ba ta da ido. Abin da waya ta kawo mata shi ta sani. In aka ce mata da sanyi, fanka za ta yi kwanciyarta ko da inji na tafasa.

To, wata Talata da hantsi aka jawo motar wani direba, Jatau, da igiya. Kwandunan tumatir ne a bayanta har sama, na manoman ƙauyensu, ruwansu ya fara ɗiga. Inji ya ƙone a hanya. Jatau ya sauko yana rantsuwa cewa allurar zafi ba ta motsa ba, tana ƙasa abinta har hayaƙi ya turnuƙe shi. Fanka kuwa ko juyi ɗaya.

Gareji ya taru. Kowa ya san mako biyu da suka wuce an sa wa motar sabon sensa. Kowa ya san Sallau ne ya ɗaura, kuma a rumfar Baba Nomau aka saya. Baba Nomau tsoho ne mai sayar da kayan gyara, baƙo ne a garin, bai cika shekara ba a garejin, ba shi da kowa a ciki. Ba wanda ya kalli Sallau. Duk ido ya koma rumfar tsohon.

Garejin nan yana da doka. Wanda ya sayar da jabun kaya har inji ya mutu, ranar zai kwashe rumfarsa, kuma a aika wa sauran gareji-gareji da sunansa. Bature, shugaban garejin, ya ce ba a yanke wa mutum hukunci da ka. Sallau ya ciro sensan ya duba, bayan azahar a taru a ji. In jabu ne, kafin la'asar Baba Nomau ya bar wurin.

Tsohon ya matso ya ce a kwalinsa ya sayo shi, a kwalinsa ya sayar. Wani ya ce ai kwali ma bugawa ake. Aka yi dariya. Ya koma rumfarsa ya zauna, ya ɗora hannu biyu a gwiwa.

Sallau ya shiga aiki. Ya kwance sensa, ya ajiye. Da ma ɗabi'arsa ce ba ya yarda da abu ɗaya sai ya bi waya daga tushe har ƙarshe. Ya sa mita a wannan kai, ya sa a wancan. Lambar da ya gani ba ita ya kamata ya gani ba. Akwai abin da ya tare hanya a tsakani. Ya kwanta a ƙasa, ya tura hannu can bayan inji inda ido ba ya kaiwa, yana shafa wayar da yatsa, yana bi, yana bi, har ya ji wani ƙulli.

Ya jawo shi cikin haske. Jan salatif.

Jama'a, duk garejin nan baƙin salatif ake naɗi da shi. Mutum ɗaya ne ke sayen ja, don ya riƙa gane aikinsa.

Nan take ya tuna. Ranar da ya sa sensan Juma'a ce. Ya tarar ɓera ya ci wayar. Babu wuta, ƙarfen narka dalma ya yi sanyi, an yi kiran salla, Jatau na tsaye a kansa yana buga ƙafa. Sai ya feƙe wayar da haƙori, ya murɗa bakin biyu, ya naɗe, ya ce a ransa in motar ta dawo zai liƙe da dalma. Motar ba ta dawo ba. Shi ma ya manta. Ya warware salatif ɗin. Ruwa ya shiga, tagullar ta yi kore, ta rage sili biyu ko uku. Sensa na ihun zafi, ƙullin nan na shaƙe muryarsa, abin da ke isa ƙwaƙwalwa ɗan kaɗan ne, ita kuma ta ɗauka sanyi ne.

Ya sa filaya ya yanke ƙullin. Ya jefa a aljihu. Ba wanda ya gani.

Ku saurara da kyau, nan ne wurin. Ba wanda ya gani. Motar ta rufe shi, mutane na can suna sauke kwanduna. Abin da ya rage masa kaɗan ne: ya haɗa wayar da dalma, ya naɗe da baƙi, ya fito ya miƙa wa Bature sensa ya ce ga shi nan. Ba sai ya ce jabu ne ba ma. Shiru kawai zai yi, su za su ƙarasa masa.

Ya fito. Ya zauna a benci, ya tashi. Ya je randa ya sha ruwa ba ƙishi. Ya buɗe akwati, ya rufe. Abin da ke aljihunsa bai kai ƙwayar dabino ba, amma yana jin sa a cinya duk takun da ya yi. Zuciya tana ta kawo masa magana. Tsoho ne, ko yau ko gobe da ma zai koma garinsu. Kai kana da mata da 'ya'ya huɗu. Wa ya ce ma sensan na kirki ne? Ƙila shi ma jabun ne, laifi ya zama biyu, naka ya ɓace a ciki.

Wannan ta ƙarshen ce ta fi kama shi. Ya so ta zama gaskiya. Ya ɗauki sensan ya nufi teburin mai shayi, ya ari ƙaramar tukunya, ya ɗora ruwa. Ya maƙala wa sensa mita, ya tsoma kan sensan a ruwan. Yana tsugune yana kallo, yana fatan lambar ta tsaya cak. Ruwa ya fara ɗumi, lamba ta fara sauka. Ya yi zafi, ta ƙara sauka. Ya tafasa, ta tsaya daidai inda sabon sensa ke tsayawa. Ɗan ƙarfen nan bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya.

Da ya ɗago, sai ya hango Baba Nomau. Ba a ce masa ya fara ba, amma ya fara. Yana sauke kwalaye daga kanta ɗaya ɗaya, yana goge ƙura da hannun riga, yana jerawa a buhu.

Aka yi azahar. Sallau bai san surar da ya karanta ba.

Aka taru ƙarƙashin darbejiya. Bature ya ce, “To, Sallau. Jabu ne ko?”

Sallau ya ce, “Lafiyarsa lau, ranka ya daɗe. Na dafa shi a gaban mai shayi.”

Jatau ya ce to uban me ya ƙona masa inji.

Sallau ya sa hannu a aljihu, ya ajiye ƙullin a kan benci. Ja, da koren tagulla a ciki. Ya ce, “Wannan ne. Aikina ne. Ban sa dalma ba.”

Wani tsohon abokinsa ya matso kunnensa ya ce, “Kai wane irin wawa ne? Wa ya tambaye ka?” Jatau ya ci kwalarsa, sai da mutum uku suka ɓamɓare shi. Bature ya daɗe yana juya ƙullin a tafin hannu. Ya ce doka ba ta san fuska ba. Abin da za a yi wa mai rumfa shi za a yi wa mai benci.

Kafin la'asar wanda ya ɗauki akwatinsa a ka Sallau ne.

Kuna jiran in ce washegari wani attajiri ya zo ya buɗe masa shago. Bai zo ba. Bakin titi Sallau ya koma, kusa da masu faci, rana na dukansa. Jatau bai sake gaishe shi ba har suka tsufa. Sunan da ya tara shekara goma sha biyar, a yini ɗaya ya zube, kuma rabinsa bai dawo ba. Baba Nomau ya mayar da kwalayensa kanta. Da yamma ya zo wucewa, ya tsaya a gaban Sallau. Ya ajiye masa ɗan curin dalma a kan akwati, ya tafi. An ce daga ranar, ko babu wuta, Sallau garwashi yake hurawa ya gasa ƙarfensa. Mai sauri ya tafi wani wurin.

To ga abin da nake so ku tafi da shi. Gaskiya ba ita ce ka ƙi yin ƙarya da bakinka kawai ba. Sallau zai iya korar tsohon nan ba tare da ya furta kalma ɗaya ta ƙarya ba. Shiru ma yana zalunci. In laifinka ne aka ɗora wa wani, kana gani, ka yi gum, kai ka ɗora masa, kuma Allah ya ga hannunka a lokacin da yake shiga aljihu.

Kowa a nan yana da ƙullin da ya murɗa cikin sauri ya naɗe, ya ce zai dawo ya gyara. A gida, a wurin aiki, tsakaninsa da ɗan'uwa. Ba na tambayar ku ko akwai. Akwai. Abin da nake tambaya, wa ake zagi yanzu a madadinku? Matarka? Abokin aikinka? Wanda ba shi da kowa? Kun san shi. Kun ga ya fara sauke kwalayensa.

Abin yana aljihunku. Ku fito da shi tun la'asar ba ta yi ba. Allah ya ba mu ikon ajiye namu a kan benci.