Ƙwayar da Ta Hana Riyasat Rakiyar Ango

A ƙarshen damina, lokacin da zazzaɓin dengi, wanda sauro ke yaɗawa, ya cika unguwannin birnin Rawalpindi, akwai wani dillalin shinkafa mai suna Riyasat. Ba a taɓa jin ya ce bai sani ba. Kullum aljihunsa cike da ƙwayoyin magani, yana raba wa jama'a kamar alewa.

Ana gab da bikin ɗansa Taukir zazzaɓin ya kama Riyasat. Shi zai ja tawagar ango zuwa Gujrat, garin amarya, kuma duk kasuwa ta san haka, don shi ya faɗa mata.

Da ƙyar matarsa Shamshad ta kai shi asibiti. Likita ta ce farasitamol kaɗai zai sha, ya yawaita ruwa. Ta ce asfirin na hana jini daskarewa, ibufurofen kuma na gurje ciki, ga shi dengi da ma yakan jawo zubar jini.

A hanyar gida Riyasat ya ja tsaki.

"Yarinyar da na haifi sa'arta za ta koya min magani? Farasitamol na jarirai ne. Duk ƙwayar ciwo ɗaya ce, ƙarfi ne ya bambanta."

A iliminsa, mai ƙarfi ita ce wadda ke tafasa cikin kofi. Ya jefa asfirin biyu a ruwa, ya tsaya kallon kumfar cike da gamsuwa. Ya bi ta da ibufurofen saboda ciwon gaɓoɓi, cikinsa ba komai sai shayi. Haka ya yi ta yi safe da yamma.

Zafin jiki ya sauka. Ya fito tsakar gida yana gaya wa baƙi cewa ya yi wa kansa abin da asibiti ya kasa.

Shamshad ta ce, "Baban Taukir, ba ƙiyayya ce ta sa likita ta hana ka ba."

"Je ki duba tukunyarki, likita ta biyu."

Ranar tafiya ya kurkure baki ya ga jini. Ya ce asuwaki ne. Yana cikin naɗa rawani hanci ya ɓalle da jini, ya yanke jiki ya faɗi.

Tawagar ta tashi da ganguna, ƙanin Riyasat a gaba. Riyasat na kwance cikin gidan sauro a asibiti, ana ƙara masa jini, yana yi wa mai gadon kusa bayanin cewa yajin miyar jiya ne ya jawo masa.

Darasi: Magungunan ciwo ba ɗaya ba ne. Wanda ya taimake ka jiya zai iya kwantar da kai yau, don haka ka bi abin da likita ya ce. Ku tura wa masanin gidanku.