Mutum-mutumin Ba Kangwa da Kabewar Matarsa

Akwai wani dattijo a nan Kitwe, a unguwar Chamboli, ana ce masa Ba Kangwa, don a nan da "Ba" ake fara sunan babba saboda girmamawa. Duk wanda ya san shi ya san ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin lantarki a ramin haƙar tagulla, da ya yi ritaya sai gida ya zame masa kurkuku. Ya zauna, ya miƙe. Ya kwance rediyon da ke aiki lafiya lau, ya mayar, sukurori su yi saura a hannunsa. Ko gaisawa kuke yi, ƙafarsa ɗaya tana kan hanya.

Matarsa, Maman Nsofwa, ita ce akasinsa. Tana da ɗan lambu a bayan gida, kuma a lambun babu abin da take ji da shi kamar kabewarta. Irin na mahaifiyarta ne, da shi ta taho daga ƙauyensu na Luwingu tun tana amarya. Tsohuwar ta daɗe da rasuwa, gidan ma ya rushe. Kabewar nan ce kaɗai ta rage mata, kuma duk ranar da ta dafa ganyen da gyaɗa aka ci da tuwon nshima, sai ta ce yau ta je gida.

A shekarar da nake ba ku labari, ɓeraye suka samu ƙullin irin suka yi masa kaca-kaca. Abin da ya tsira bai cika tafin hannu ba, ta shuka shi duka. Bai daɗe da tsirowa ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita, hannun hagu da ƙafa suka daina jin magana.

Likita ya ce sai an kai ta asibitin Ndola ta yi wasu makonni ana koya wa hannun da ƙafar aiki, mijin kuma shi zai zauna da ita a can. Tafiyar kuma ta faɗo a watan Oktoba, lokacin da rana ke gasa komai kafin saukar damina.

"Baban Nsofwa," ta ce wa mijinta da bakinta da ya ɗan karkace, "wa zai ba kabewata ruwa?"

Kamar jira yake. Dama ya kwana biyu yana kallon bidiyon masu haɗa mutum-mutumi a waya.

"Mutum-mutumi zan haɗa miki. Shi zai buɗe famfon tanki, shi zai rufe. Ki cire wannan daga ranki."

Da 'yarsu Nsofwa ta ji labari daga Lusaka, sai ta aiko masa da akwatin kayan haɗa mutum-mutumi na masu farawa a motar haya. Irin wanda ake maƙala sassansa da hannu ne, ba narka dalma, ba dogon rubutu, da yatsa ake jera masa umarni a waya. Ba Kangwa ya juya kwalin, ya ga hoton yara suna dariya, nan take fuskarsa ta canza.

Yana cikin huci sai ga Ba Jere, maƙwabcinsa, tsohon malamin tarihi wanda ko ƙwan lantarki bai iya canzawa ba. Ba Jere mutumin gabas ne, Bangoni a ƙabila, Ba Kangwa kuwa ɗan ƙabilar Bemba, kun kuwa san abin da ke tsakanin waɗannan. Abokan wasa ne na gado. Ya zage ka, ya ɗauke maka kaya a gabanka, in ka yi fushi kai ne ka ji kunya. 'Yan Bemba ana tsokanarsu da cin biri, mutanen gabas kuma da cin ɓera.

"Mai cin biri, kana ciki?"

"Shigo, mai cin ɓera. Abincinka ya cinye mana iri, kai kana can kana barci."

"Ai da kun aiko mini da gishiri da na zo na yi muku maganinsu. Wannan kwalin fa na mene ne kake hararar sa?"

"Yarinyar nan ce ta raina ni. Ni da na riƙe wutar da ke ɗaga mutane daga cikin ƙasa, ni za a aiko wa kayan wasan 'yan firamare?"

"To ka taɓa haɗa mutum-mutumi?"

"Wuta dai wuta ce."

"Ban tambaye ka wuta ba."

Ba Kangwa ya kau da kai. Ba Jere ya ɗauki kwalin ya sa a hammata, ya ce, "Na ɗauka, ka kai ƙarata wurin sarkinku." Da zai fita ta ƙofar baya kuma ya sunkuya ya ciro 'yan tsiron kabewa biyu da ƙasarsu, ya ce wannan guzurin hanya ne.

Maman Nsofwa tana kallon sa ta taga. Ta ji zafi, amma ba a hana abokin wasa. Ta ce, "Ɓarawo! Allah Sarki 'ya'yana, kun faɗa hannun da ko ciyawa ba ya rayawa."

Daga ranar Ba Kangwa ya shiga zirga-zirga. Ya je cikin gari ya sayo wani ƙaramin allo da ake soka wa wayoyi. Kafin ya buɗe ledar, ya ga wani a bidiyo yana cewa wannan ya tsufa, sai ya jefa shi a aljihun tebur. Ya koma ya sayo wata 'yar kwamfuta kamar kwalin ashana babba, mai kyamara, wai za ta kalli ganye ta gane ƙishirwa. Sai kuma ya ga ai ba mutum-mutumi ba ne in babu hannu, ya sa aka kawo masa hannun ƙarfe mai gaɓoɓi. Teburin cin abinci ya cika da wayoyi, a cinya ake cin tuwo. Kullum yana zaɓe, kullum yana canza ra'ayi, ranar tafiya kuwa tana matsowa.

Akwai masu wannan sha'awa da ke haɗuwa ran Asabar a zauren cocin unguwar, manya da matasa. Ya leƙa sau ɗaya. Matar da ke kula da wurin ta tambaye shi, "Baba, me kake so abin ya yi maka?"

"Ya buɗe famfo, ya rufe."

"Shi ke nan? Ai akwatin masu farawa ya ishe ka. Shi duk muke amfani da shi a nan, in ka maƙale akwai mai duba maka, in wani abu ya ƙone akwai na canji. Wannan kwamfutar taka babu wanda ya san kanta a cikinmu. Kuma ko me ka haɗa, ka bar shi ya yi kwanaki yana aiki a gabanka kafin ka ba shi amana."

Yana waigawa ya hango Ba Jere a kan benci, tabarau a kan hanci, yana ta fama da wata 'yar fitila da ta ƙi kamawa. Ba Kangwa ya yi tsaki ya fice. Ni dai abin nan yana ba ni haushi har yau, don maganar da za ta cece shi ce aka faɗa masa kyauta, ya taka ta ya wuce.

Sai ana gobe tafiya ya samu abin ya motsa. Gaskiya ya yi kyau. Kyamara ta leƙa ganye, hannun ƙarfe ya miƙa ya murɗa famfo, ruwa ya bi tiyo. Sau ɗaya ya gwada, ya tafa wa kansa.

Ba Jere ya leƙo ta katanga. "Ka bar mini makulli mana, ko da bokiti na riƙa zubawa in dodon naka ya yi gardama."

"Na bar wa ɓera ajiyar gyaɗa? Je ka yi wasa da kayan yaranka."

Ya datse ƙofar lambu da kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu.

A Ndola, ranar farko ma'aikaciyar asibiti ta ajiye wa Maman Nsofwa 'yan katakai masu launi, irin waɗanda ake ba yaran da ba su fara makaranta ba. Ta ce ta ɗora ɗaya kan ɗaya da hannun hagu. Matar da ta aurar da 'ya, ta zauna tana gumi a kan katako guda. Ya faɗi, ta ɗauka. Ya sake faɗuwa, ta sake ɗauka.

Ba Kangwa bai iya zama ya kalla ba. Ya fita baranda, ya dawo, ya sake fita, yana kallon bidiyon wani sabon hannun ƙarfe da ya fi nasa.

Duk yamma sai ta tambaye shi, "Yana ba su ruwa?"

"Yana ba su. Ai yanzu sun fara yaɗo."

Bai sani ba. Kuma bai buga wa kowa waya ya leƙa masa ba, don kada a ce yana shakkar aikinsa. Ita kuwa da wannan maganar take tashi kullum. Ta ce wa ma'aikaciyar, "Ki matsa mini, 'yata. Da hannun nan nake so na tsinki ganyen."

Ranar da suka dawo, ko ɗaki ba ta shiga ba. Ta dogara sanda ta nufi bayan gida tana jan ƙafa. Ya buɗe kwaɗon.

Tanki cike yake da ruwa. Hannun ƙarfe yana nan a sanƙare kusa da famfo. Ƙasa ta tsage, kabewa ta bushe ƙurmus, ganyen da ya taɓa sai ya marmashe.

Abin da ya faru ba wani babba ba ne. An ɗauke wuta kamar yadda aka saba, da aka dawo da ita kwamfutar ta farka ta tsaya jiran a ce mata ta fara. Bai san ana koya mata ta tashi da kanta ba. Da ya bar ta ta yi ko kwana biyu a gabansa, da ya gani.

Maman Nsofwa ba ta yi ihu ba. Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta ce a hankali, "Ka ce mini sun fara yaɗo."

Karo na farko a rayuwarsa Ba Kangwa ya tsaya cak, ya rasa inda zai nufa.

Sai ga murya ta katanga. "Masu cin biri sun dawo? Ku zo ku kwashe kayanku, sun cinye mini tsakar gida."

Suka zagaya. A bayan ɗakin girkin Ba Jere, tsiro ɗaya ya mutu, ɗayan kuwa ya yaɗu har ya hau tulin itace, ga furanni rawaya, ga 'yar kabewa kamar dunƙulen hannu. A gefe an ɗora bokiti a kan kujera. Wani ɗan tsinke yana soke a ƙasa, in ya ji ta bushe sai wani ƙaramin inji mai batir, na cikin kwalin nan da ya ɗauke, ya saki tiyon da ya matse. An ɗaure komai da robar taya da igiyar buhu. Muni kam ba a magana.

"Sau nawa ya jiƙa mini wando kafin ya yi hankali," in ji Ba Jere. "Tsiro ɗayan ma yawan ruwa ne ya kashe shi, na koma wurin mutanen coci suka nuna mini inda na yi shirme."

Maman Nsofwa ta miƙa wa mijinta sandar. Ta sunkuya da ƙyar, ta kai hannun hagu, ta tsinki ganye ɗaya. Ta kai shi hanci, hawaye suka zubo mata.

Ba Kangwa ya buɗe baki. "Ai matsalar wutar ce, da a ce..."

"Baban Nsofwa," ta katse shi, "kana tsaye aka ba ni katakon yara. Ka ga na ce na fi ƙarfinsa? Da na ce haka, da wane hannu zan tsinki wannan?"

 

Ba Kangwa ya jawo wata kujera 'yar tsugunno, ya zauna a gaban bokitin. Ya daɗe yana kallon ɗan injin. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Mai cin ɓera, nuna mini. Daga farko."

"Daga fitila ake farawa," in ji Ba Jere. "Kuma sai ka zauna."

Ya zauna.

Darasi: In za ka fara sabon abu, mutum-mutumi ne ko waninsa, kada ka zaɓi kayan da za su burge mutane. Zaɓi wanda za ka iya gamawa, wanda na kusa da kai suka sani, ka gwada shi a gabanka kafin ka ɗora masa amanar wani. Ƙwarewarka a wani fanni ba ta hana ka zama ɗan koyo a wani, kuma sau da yawa ba mai girman kan ne ke yin asarar ba, wanda ya yarda da shi ne. Ka tura labarin nan ga wannan abokin naka da ya cika gida da kaya, har yau bai kunna ko fitila ɗaya ba.