Jan Layin Fadamar Tungar Maje

Ku gyara zama, jama'a. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi daga tabarmar nan sai ya faɗi abin da ya gani.

A wani gari da ake kira Tungar Maje, can bakin gulbi, akwai wani dattijo mai suna Malam Barau, tsohon malamin firamare, wanda manoman albasa suka naɗa magatakardan ƙungiyarsu. Mutum ne mai gaskiya, sai dai hannunsa a damƙe yake. Ƙungiyar tana da firinta ɗaya mai kala, irin wadda ake ɗora takarda a kanta ta kwafo, wasu ma'aikatan gona ne suka ba su kyauta. Kyautar ta yi daɗi har ranar da tawadar da ta zo da ita ta ƙare. Malam ya aika a tambayo kuɗin sabuwa, da aka dawo aka faɗa masa sai ya ce a maimaita, wai kunnensa bai ji daidai ba. 'Yan robobi ne guda huɗu, baƙi da ja da shuɗi da rawaya, katirij ake ce musu. Duk tawadar da ke cikinsu ba za ta cika ludayi ba, amma kuɗinsu ya kai buhun albasa shida. Ni kaina har yau abin yana ba ni haushi, a ba ka na'ura a banza sannan a je a tsare ka a bakin tawada. Malam ya ce ba da shi ba. Ya samo tsohon zanen matarsa ya lulluɓe firinta, ya tura ta lungu, ya koma rubutu da biro. Haka ta kwashe wata bakwai.

Ana nan, damina ta kusa ɗaukewa, mutane suna shirin yafa irin albasa, sai wani attajiri daga birni, Alhaji Buwai, ya fito ya ce rabin fadamar garin nasa ne, ya saya. Gida tamanin da huɗu ne ke ci daga wannan rabin, har da gidan Malam Barau. Aka kafa kwamiti na mutum tara, aka aiko takarda ranar Litinin cewa za a zauna a hedikwatar gunduma ranar Alhamis bayan azahar. Kowane ɓangare ya kawo hujjojinsa kwafi tara, kowane ɗan kwamiti da nasa. Wanda bai kawo ba, ba za a saurare shi ba.

Hujja kam suna da ita. A cikin akwatin maigari akwai tsohuwar taswira tun zamanin kakansa, da layi biyu a kanta. Shuɗin layi yana kusa da gari, shi ne tsohuwar hanyar gulbi. Jan layi yana can bayan fadama, shi ne iyaka. Shi ma Alhaji Buwai yana da wannan taswirar, amma tasa kwafi ce baƙi da fari, layukan biyu duk baƙaƙe. Sai ya ɗora yatsa a kan na kusa da gari ya ce ai nan ce iyaka, na nesan shi ne gulbi. Kun ga ke nan, fadamar Tungar Maje gaba ɗaya ta rataya ne a kan jar tawada.

Kada wani ya ce mini me ya hana su kai birni a buga musu. Shagon buga takardu da ke hedikwatar gunduma na surukin Alhaji Buwai ne. Maigari kuma ya rantse taswirar ba za ta fita daga gari ba sai ranar zama, ko hotonta bai yarda a ɗauka a waya ba, ya ce waya ba ta da sirri. Dole a gida za a buga. Malam ya buɗe asusun ƙungiya ya tarar da abin da bai wuce kuɗin buhu biyu ba, don kowa ya zuba nasa a iri da taki. Ya zauna ya tasa lulluɓaɓɓiyar firinta a gaba, hankalinsa a tashe. Shi aka ba amana, kuma in fadama ta tafi, da wane ido zai kalli mutanen da suka zaɓe shi? Sai ya kira 'ya'yansa uku ya faɗa musu halin da ake ciki.

Babban, Namadi, falken albasa ne, ya san kasuwar birni lungu-lungu. Ya ce ya taɓa jin akwai katirij na kasuwa, wanda wasu kamfanoni dabam ke yi, ba masu firintar ba, kuma kuɗinsa bai kai sulusin na asali ba. A ranar yana da ciniki a wata kasuwa da ya yi wata guda yana jira, ya bar shi ya kama hanyar birni da sassafen Talata. A layin masu kayan kwamfuta ya tarar da abin da ya tarar. Kowane mai shago yana rantsuwa nasa ne mai kyau, kwalaye kuwa duk iri ɗaya, sai sheƙi suke yi. Namadi bai san firinta ba, amma mutumin da ya shekara ashirin yana ɗaga buhu ya san abin da ke ciki, ba a yi masa wayo da nauyi. Ya riƙa ɗaukar katirij yana aunawa a tafin hannu, yana karkaɗawa kusa da kunne. Na shagon farko ya ce rabi ne, mai shago ya kore shi. Na biyu ya ce ruwa ya yi masa yawa. Sai a shago na bakwai ya ji nauyin da ya kwanta masa, amma duk da haka ya ja mai shagon har wurin wani mai sayar da zinariya aka ɗora a ma'auni, sannan ya sa aka ɗiga tawadar a takarda ya shanya a rana ya ga ba ta koɗe ba. Ya saya, har da canji. A hanyar dawowa ruwa ya cinye kwalbati, motoci suka tsaya cak. Ya naɗe kwalayen a leda, ya ɗora a ka, ya ratsa ruwa har ƙirji. Laraba da azahar ya iso gida, takalmi ɗaya a ƙafa.

Malam ya rungume shi, aka yaye zane, aka tada janareta, aka cire tsofaffin katirij aka sa sababbi. Firinta ta yi gurnani, ta ƙyafta wata fitila mai ruwan lemo, ta rubuta a ɗan gilashinta cewa ba ta san waɗannan baƙin ba. Ku ji fa, na'urar da ta yi wata bakwai da ƙishi, an kawo mata abin sha tana tambayar daga gidan wa ya fito. Malam ya ce shi ke nan, kuɗin jama'a sun tafi.

Na biyu, Ashafa, mai gyaran waya ne a bakin tasha. Tun da aka fara yana ta juya tsohon katirij a hannu. Can sai ya nuna wa mahaifinsa wani ɗan ƙarfe mai ruwan zinariya a gindinsa, irin na jikin sim, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Ya ce da wannan ne firinta ke gane 'yan gidansu, tawadar kanta ba ta iya bambancewa. In aka ciro shi daga tsofaffin aka liƙa wa sababbin, za ta ɗauka nata ne. Amma guda huɗu ne kacal, ko ɗaya ya tsage an gama, don ba a sayar da shi a ko'ina. Malam ya tambaye shi ko ya taɓa yi. Ya ce, "Ban taɓa ba, Baba. Amma in ban yi ba, wa zai yi?"

Ya kori kowa daga ɗakin, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ɗauko reza da ɗan hantsakinsa na gyara. Malam ya ƙi fita, ya rakuɓe a bakin ƙofa yana jan carbi. Uku suka fita lafiya. Na huɗun, na jan, gam ya riƙe shi ƙam, reza ta zame ta yanki yatsan Ashafa, bai ko ɗaga kai ba, ya ci gaba da lallaɓawa da ɗumin iskar na'urarsa ta gyaran waya har ya saki. Ya liƙa su a sababbin, ya mayar. Firinta ta ce to ta gane su, amma ai waɗannan babu komai a cikinsu, don ƙarfen bai manta tsohuwar tawada ta ƙare ba. Ashafa ya danne wani maɓalli ya riƙe, yana ƙirge a zuci, har fitilar ta koma kore. Firinta ta ja takarda. Malam ya yi kabbara.

Takarda ta fito. Ga gari, ga shuɗin layi, ga rubutun kakan maigari raɗau. Jan layi ne kawai babu, ko alamarsa. Taswirar da suka buga da hannunsu ta fito tana ba Alhaji Buwai gaskiya. Ashafa ya sa firinta ta wanke kanta sau biyu, ba abin da ya sauya sai tawadar da ta zuƙe. Malam ya zauna daɓas a ƙasa, don ya gane laifin wa ne. Tawadar da ta rage a bakin fitarta ce ta bushe ta toshe hanya, kuma zanen da ya lulluɓa wata bakwai ne ya jawo. Ya ji kunya ƙwarai, ya faɗa da bakinsa cewa rowarsa ce za ta cinye fadamar mutane.

Autarsu Kulu ma'aikaciya ce a asibitin garin, ta dawo daga aiki ta tarar da su jugum-jugum. Ta hana Ashafa sake wankin, ta ce in ya ƙara biyu ba abin da zai rage na bugu. Ta ce ita ta saba da allurar ƙarin ruwa in ta toshe, kuma ba da ƙarfi ake buɗe ta ba. Ta sa aka kwanto mata bakin da tawadar ke fita. Ta sayo ruwan haɗa allura a kemis, don na rijiya yana da ƙasa-ƙasa, ta ɗumama shi daidai yadda za a yi wa jariri wanka, ta jiƙa auduga ta kwantar da abin a kai. Sannan ta yanki ɗan siririn tiyo ta haɗa da sirinji, tana tura ruwan ɗigo-ɗigo. 'Yan'uwanta suka ce ta danna da ƙarfi mana, lokaci na tafiya. Ta ce, "In na danna ya fashe, wane ne a cikinku zai je ya gaya wa maigari?" Suka ja da baya suka ba ta wuri. Ta bar shi ya kwana a jiƙe, da gari ya waye ta ci gaba. Hantsi ya yi, mutane sun fara taruwa a ƙofar gida, mota na jira, ita kuwa ko a jikinta. Sai wajen ƙarfe goma wani ɗan ja ya ɓullo a audugar, ya bazu. Ta jira ya bushe sarai, ta mayar da shi da hannunta, ta ce a buga.

Jama'a, jan layi ya fito, ja wur, daga wannan gefen takarda zuwa wancan. Malam Barau ya ɗaga ta sama ya fita da ita waje ba hula, mata suka ɗauki guɗa. Kwafi tara suka fita ɗaya bayan ɗaya, har da sunayen gidaje tamanin da huɗu, kuma tawada ba ta ƙare ba.

A wurin zama lauyan Alhaji Buwai ya yi ta zuba bayani a kan baƙin layinsa. Da ya gama, Malam ya tashi ya bi 'yan kwamiti ɗaya-ɗaya yana ajiye wa kowa tasa a gabansa, maigari kuma ya buɗe akwati ya shimfiɗa ta asali a tsakiyar tebur. Shugaban kwamiti ya sa tabarau, ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya tambayi lauya tun yaushe aka fara zana gulbi da jar tawada. Lauya ya ce yana neman a ɗaga zama. Shugaba ya ce ba abin da za a ɗaga, fadama ta masu ita ce. Ranar an shigo Tungar Maje da kiɗa, Malam a gaban mota, yana dariya yana share hawaye.

Bayan kwana uku manoma suka haɗa hannu suka sayo sabon injin ban-ruwa, suka kai gidan Malam, suka ce ya ba wanda ya ceci fadama a cikin 'ya'yansa. Inji ɗaya ne, gonakin 'ya'yan kuwa kowace da inda take, nesa da juna. Malam ya tara su ya tambaye su. Namadi ya ce a ba Kulu, Kulu ta ce a ba Ashafa, Ashafa ya ce a ba yayansu. Mutanen gari suka rabu uku. Wasu suka ce ba don Namadi ya zaɓo tawadar kirki ya ratso ruwa da ita ba, me sauran za su yi aiki a kai? Wasu suka ce tawadar Namadi da tana nan a kwali har gobe, ba don hannun Ashafa ba. Wasu kuma suka ce su biyun nan taswirar Alhaji Buwai suka buga, Kulu ce ta buga ta gari.

Ga lokacin yafa irin albasa ya yi, gona na jiran ruwa, uba kuma ya kasa ɗaga yatsa ya nuna ɗaya ya bar biyu. To, ku da kuka ji komai, wa Malam Barau zai miƙa wa injin nan: Namadi, ko Ashafa, ko Kulu?