Tsaka da Fitilar da Ba Ta Ganinta

Ku gyara zama, ga wata nan tafe a jikin bango, cikinta na kuka.

A ƙauyen Rafin Ƙirya an yi wani manomi mai suna Jatau, wanda ɓarayi da kuraye suka hana shi sakat. A bayan gidansa yana da ɗakin ajiyar gero, a gefen ɗakin kuma ga turken awaki. A cikin wata tsaga ta bangon ɗakin nan wata tsaka ke zaune, ana kiranta Ta-Bango. Siririya ce kamar tsinken tsintsiya. Abin da aka rage mata a jiki, a baki aka cika mata shi.

Wata ranar kasuwa Jatau ya dawo da fitilar sola, ya kafa ta a saman ƙofar ɗakin, yana yi wa matarsa Lanti bayani kamar shi ya ƙera ta.

"Kin ga baƙin farantin nan na sama? Shi ke shan rana ya tara a batir. Ɗan farin ƙwallon nan kuma ido ne. Da duhu ya yi, duk abin da ya gitta sai ta kama. In motsi ya tsaya, ta mutu da kanta."

Lanti ta ce, "To, Allah ya sa ta fi ka jin motsi."

Ranar an yi ruwa da la'asar. Bayan magariba Jatau ya zo wucewa, fitila ta yi wal. Nan da nan gina, wato garar nan mai fiffike da ke tashi bayan ruwa, ta yo ca a kan hasken. Ta-Bango ta cafke ɗaya, ta haɗiye ta biyu, tana buɗe baki ga ta uku Jatau ya shige gida, fitila ta mutu, gina ta watse.

Ta-Bango ta ce ai abu mai sauƙi. Ta ruga ta gaban idon fitila. Shiru. Ta dawo. Shiru. Ta yi rawa, ta kaɗa wutsiya, ta zagi fitila ta zagi wanda ya ƙera ta. Ko ƙyas. Sai ga wani ɗan ɓera, wanda bai fi ta girma ba, ya gitta ta ƙasa, fitila ta yi wal.

Ta zauna ta yi nazari. Ɓera jikinsa da ɗumi. Jatau jikinsa da ɗumi. Ita kuwa sanyi ƙalau, kamar gindin randa.

"Ashe munafukar masu ɗumin jini take gani," in ji ta. Gina kuwa ba ta daɗewa, farkon damina ne kaɗai, kuma tsakar da ba ta yi ƙiba a lokacin ba, rani ne zai yi mata jana'iza. Ta miƙe ta yi kirari. "Ni ce Ta-Bango, mai tafiya a rufi ciki sama. Fitilar da ta ƙi ganina, manya za su yi mini aikin kunna ta."

Da gari ya waye ta sauko wurin Bunsuru, yana turke yana tuƙa.

"Barka da hantsi, Sarkin Gemu."

Ya dube ta sheƙeƙe. "Ke kuma daga ina?"

"Daga birni, ranka ya daɗe. Ni ce wakiliyar fitila, a kwali ɗaya aka kawo mu. Ka san duk sanda ta yi wal hoto take ɗauka? Birni take aikawa. Ana neman bunsurun da ya fi kowa gemu a ƙasar nan, za a manna shi a jikin buhunan dusa."

Bunsuru ya daina tuƙa. Ya rage murya. "Warin fa? Yana fita a hoto?"

"Ba ya fita. Amma hoton tsaye na ƙauyawa ne. Sai kana tafiya, a ɗauki dama, a ɗauki hagu."

Kafin magariba ya cinye igiyarsa. Duhu na yi ya shiga kai da kawowa a gaban ɗaki, gemu sama, yana taku ɗai-ɗai. Fitila ta kama ta ƙi mutuwa. Ta-Bango tana manne kusa da ita, tana ɗibar gina tana ba da umarni da cikakken baki.

"Juyo. Ɗaga haɓa. Wannan bai yi ba, ka ƙifta ido. Sake."

Jatau kuwa, duk sanda ya hango haske sai ya fito da gora yana neman ɓarawo, ya tarar da bunsurunsa yana yanga. A fitowa ta farko ya kore shi. A ta gaba ya jefe shi da takalmi. Daga ƙarshe ya lakaɗa masa duka ya ɗaure shi da waya, gajeriya, yadda ko gemunsa ba zai kai gaban fitila ba.

Da gari ya waye Ta-Bango ta nufi wurin Duna, tsohon karen gidan, yana kwance a inuwa ƙuda na bin kunnensa. Ta sunkuyar da kai kamar mai zuwa ta'aziyya.

"Baba Duna, ya haƙuri? Allah ya sa hakan shi ya fi alheri."

Ya buɗe ido ɗaya. "Wa ya mutu?"

"Au, ba a gaya maka ba? Da kunnena na ji maigida yana cewa fitila ba ta cin tuwo, ba ta da ƙuma, ba ta barci a bakin aiki. Wai in ta yi wata guda lafiya, kai kuma a sallame ka."

Duna ya tashi zaune. "Ni da na yi gadin gidan nan tun Lanti tana amarya?"

"Abin da na ce ke nan, Baba. Amma na san sirrinta. Hasken nan da kake gani a ɗan tulu yake a cikinta. In aka yi ta sa ta kamawa, ƙarewa yake, ta mutu murus. Matsalar dai, sai mai gudu. Da kana da sauran ƙarfi…"

"Sauran me?"

Duhu na yi Duna ya fara tsere a gaban ɗaki, daga turke zuwa rijiya, daga rijiya zuwa turke. Ta-Bango ta ci har ta fara zaɓe, tana tofar da masu ƙaramin ciki. Can da aka jima haske ya yi ja, ya dushe, ya ɗauke. Duna ya ɗaga ƙafa ya yi fitsari a gindin bango, ya ce wa fitila, "Gobe a sallami uwarki."

Washegari faranti ya sha rana ya ƙoshi. Da magariba fitila ta yi wal a fuskar Duna.

"Ba kin ce ta mutu ba?"

"Suma ta yi, Baba. Yau ka ƙara ƙaimi."

Haka ya yi ta yi har muryarsa ta dishe, harshe ya zazzago. Maƙwabta suka fara cewa karen Jatau ya haukace. Jatau ya sa masa sarƙa, ya kuma rantse ko fitilar nan za ta kama har ta fashe, shi ba zai ƙara fitowa ba.

Da gari ya waye Ta-Bango ta duba gidan, ba sauran wawa a sake. Sai ta samo saɓar maciji ta naɗa rawani, ta yi birgima a toka, ta ƙunshe kashin Bunsuru guda ɗaya a 'yar leda, ta nufi kwazazzabon bayan gona inda Kura take.

Kura ta rame, don tun da aka kafa fitila ba ta ƙara kusantar turken Jatau ba. Ta shinshina baƙuwar. "Kina kama da tsaka."

"Tsakokin duniya duk yarana ne, Hajiya. Ni bokanya ce daga gabas. Na ji an ce wata fitila ta raba ki da nama, shi ne na kawo miki layar zana. Mai ita ba a ganinsa."

"Bokaye nawa na cinye a kan irin maganar nan."

"Kada ki yarda da bakina. Zo ki gani da idonki."

Bayan magariba Kura ta laɓe daga nesa. Ta-Bango ta hau bango, ta bi ta kan idon fitila a hankali, ta dawo, ta zauna daram a kansa tana gyara rawani. Fitila ko motsi. Kura ta sa ƙafa ɗaya gaba, fitila ta yi wal.

Kura ta miƙo hannu. "Ba ni layar."

"Ga ta. Sai dai tana da sharaɗi. Dole ta saba da jikinki. Kullum ki zo ki yi ta juyi a ƙarƙashin fitila har ta gaji ta daina ganinki. Kafin nan in kika taɓa ko jelar akuya, layar za ta juye, a riƙa hango ki daga kasuwa."

To, ku zo ku ga Kura da kashin bunsuru a wuya tana juyi. Bunsuru na kallo daga turke yana zawo. Duna na haushi, ba abin da ke fita sai iska. Jatau na ɗaki yana cewa Lanti, "Ƙyale su, mahaukatan nan ne." Ta-Bango kuwa ta ci, ta ci, har wuyanta ya ɓace, cikinta ya fara jan bango, ƙafafunta na riƙe ta da ƙyar.

Amma yunwa ba ta barin ko wawa ya daɗe a wauta. Wata magariba Kura ta tsaya cak tana haki.

"Bokanya, ƙafafuna sun kumbura, kuma har yanzu shegiyar tana ganina. Gobe ne ƙarshe. In ta kama, na daina zuwa, kuma zan gaya wa Mujiya tsagar da kike kwana."

"Gobe ai ita ce ranar da na ƙiyasta, Hajiya."

Da gari ya waye Ta-Bango ta shirya dabara. In faranti bai sha rana ba, fitila ba za ta kama ba, Kura za ta ce laya ta ci. Daga nan sai a ce mata laya na son sabuntawa duk bayan kwana biyu, rawa ta ci gaba. Ta jawo ganyen tafasa ta shimfiɗa a kan faranti. Iska ta kwashe. Ta sake jawowa, iska ta sake kwashewa. Sai ta ce to, ta haye kan ganyen ta kwanta ta danne.

Ranar kuwa ko gajimare ɗaya babu. Baƙin faranti ya yi zafi kamar tanda. Ganye ya yanƙwane ya naɗe, rana ta yi ta shiga ta kowane gefe, ita kuwa tana kwance ido rufe tana gasuwa, tana ce wa kanta wuya ba ta kisa. Har rana ta faɗi ba ta sauka ba. Ta naɗa rawani, jikinta na turiri kamar dankalin da aka ciro daga toka, ba ta ma lura ba.

Kura ta iso ta tsaya daga nesa. Da Ta-Bango ta ce mata matso kawai ta ja bakinta, da wataƙila ta sami hanyar zillewa. Amma ina, baki ba ya barin mai shi.

"Hajiya, buɗe ido ki ƙara ganin aikin manya. Ni ce wadda rana ke gaisarwa, fitila ke sunkuyar wa da kai. Ni ce…"

Ta ɗora zazzafan cikinta a kan idon fitila. Fitila ta yi wal.

Haske ya dalle mata ido, ƙafafu suka saki, ta faɗo tim kamar ɗanyen kwaɓi. Rawani ya yi gefe, toka ta kakkaɓe.

Bunsuru ya ce, "Wakiliyar fitila."

Duna ya ce da disasshiyar murya, "Mai ta'aziyya."

Kura ta ciro layar wuyanta, ta kwance leda, ta shinshina. Ta dubi Bunsuru. Bunsuru ya kau da kai.

Ta-Bango ta zabura, amma ƙiba ta ci gudun. Kura ta kai mata duka ta danne wutsiya. Ta-Bango ta ce, "Riƙe mini wannan, Hajiya, ina zuwa." Ta tsinke wutsiyar ta bar mata, ta mirgina ta faɗa rariya, bango na gurje mata ciki.

Wutsiya ta yi ta tsalle ita kaɗai a cikin haske. Kura ta bi ta, ta ci karo da turke, Bunsuru ya ƙwala ihun da ba a taɓa jin irinsa ba a Rafin Ƙirya. Daidai lokacin maza na dawowa daga masallaci, Jatau a gaba. Suka leƙo, ga kura tsaye a tsakiyar haske, kowane gashin jikinta ana gani. Abin da ta sha a hannunsu, har yau in ta hango farin wata sai ta duba ko akwai bango a bayansa.

Da gari ya waye, a can ɗaya gefen gari, a jikin bangon injin niƙa, akwai wata fitilar irin ta Jatau, a ƙarƙashinta an ɗaure jaki. Sai ga wata tsaka ta ɓullo, guntuwa, ciki duk ƙurji, tana ɗingishi tana bin inuwa sosai, ba ta yarda ko yatsanta ya taɓa rana.

"Barka da hantsi, Sarkin Murya."

Jaki ya dube ta sama da ƙasa. "Ke kuma ina wutsiyarki?"

"Na bayar a sako mini sabuwa daga birni, ranka ya daɗe. Ka san fitilar nan ta saman kanka murya take ɗauka? Ana neman mawaƙi. Sai dai ba a rerawa a tsaye."

Jaki ya ɗaga kunne.

Nan ta tsinke, kamar wutsiyar Ta-Bango.