Mahaucin da Ba Ya Hura Nama

Jama'a, ku gyara zama. An yi wani mutum a wani gari can da daɗewa, ana ce masa Barmo, shi ne Sarkin Fawa. Mahauta goma sha tara ne a ƙarƙashinsa, kuma duk hannunsu ɗaya: in an yanka an feɗe, sai a huda naman, a sa baki a hura masa iska. Ya kumbura yana ƙyalli, mai saye ya ga abin arziki, ya kai gida a zuba a tukunya, nama ya tsuke kamar an yi masa sata. Kowa ya san ana yi. In ka yi magana a ce maka, "Haka muka tarar."

To, a cikinsu akwai wani bawan Allah, Anaruwa, mai rumfar ƙarshe kusa da juji. Akuya ɗaya yake iya yankawa ran kasuwa, da ita yake ci da iyalinsa. Shi ba ya hurawa. Ba ya zagin kowa, ba ya yi wa kowa wa'azi. Duk wanda ya tambaye shi, amsa ɗaya ce: "Ni dai ba na hurawa. Abin da ka gani shi za ka ci."

Mahauta suka mai da shi abin dariya, suna kiransa Limamin Fawa. Shekara ta zagayo, mutum biyu suka bi shi, Korau da ƙanensa. Su uku ke nan, bakinsu ɗaya, ran da aka yi ciniki da ran da kasuwa ta ƙi.

Ku saurara, nan Shaiɗan ya sami ƙofa. Barmo sa uku yake kayarwa, bai rasa komai ba. Amma in ya ga dattawa sun wuce rumfarsa sun je bakin juji suna gaisawa da Anaruwa, sai ransa ya ɓaci. Hassada ce zalla, kuma ya san hassada ce. Abin da ya ƙarasa shi, ran nan mahaifiyarsa ta ce, "Barmo, in za a kawo min nama a sayo na Anaruwa. Naka rabi iska ne."

"Inna, shekara talatin ina riƙe da wuƙa. Mai akuya ɗaya ne zai fi ni a bakinki?"

"Ni tukunyata ce ta gaya min," in ji tsohuwa.

Barmo ya kira Anaruwa gefe, ya ce zai dawo da shi rumfar gaba, ya riƙa ba shi cinyar sa, in dai zai yi yadda kowa ke yi. Anaruwa ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, na gode. Ni dai ba na hurawa."

Sai Barmo ya tara mahauta bayan la'asar a gindin tsamiyar kasuwa, don a kori mutanen nan uku. Ya riga ya ƙirga, goma sha shida nasa ne, tun da da kunnensa yake jin dariyarsu kullum. Ya ce, "Wanda ya yarda a karɓe rumfar masu raina sana'ar iyayenmu, ya miƙe."

Ba wanda ya motsa. Can wani tsoho, Jatau, wanda ya fi kowa tsokanar Anaruwa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Sarki, ni wata huɗu ke nan ban hura ba. Dariyar nan a baki take. In na koma gida maganarsa ba ta barina, ina cewa mutum bai nace haka a kan banza ba."

Wani ya ce shi tun azumi ya daina. Wani ya ce shi ma. Kowa ya daina a ɓoye, yana zaton shi kaɗai ne. Barmo ya duba dama ya duba hagu, ashe duk kasuwar shi kaɗai ya rage yana hurawa.

Me kuke zaton Anaruwa ya yi? Ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ne babbanmu. Ka sa a yi shela gobe cewa Sarkin Fawa ya hana hura nama." Aka yi shela, gari ya yi ta sa wa Barmo albarka. Yabon da ya yi shekaru yana ƙishirwarsa ya samu, amma daga hannun wanda ya so ya raba da abincinsa. An ce har ya mutu, in aka yabe shi a kan wannan, sai ya ce, "Ba ni ba ne," hawaye na zuba.

To, 'yan'uwa, darasin a fili yake. Gaskiya ba ta jiran sai kun yi yawa. Mutum uku sun isa su juya gari, in bakinsu ɗaya ne, ba su zagi kowa ba, kuma ba su canja magana ran da aka yi musu tayi ba. Kai da kake wurin aiki kana cewa kowa na yi, ni kaɗai me zan iya, wataƙila mai yi maka dariyar nan jira yake ya ga ko za ka ɗore. Kai kuma da ranka ke ɓaci in an yabi na ƙasa da kai, ka duba da kyau, kada ya zamana kai kaɗai ka rage kana hurawa. Allah ya tsare mu da hassada.