Waziri Barmo da Wainar Bakin Gulbi

A can zamanin da, tun fatake na keta daji da jakuna da takarkarai, an yi wani Sarki mai suna Nadabo. Ƙasarsa yalwatacciya ce, rumbunansa cike suke, amma Allah ya jarrabce shi da abin da dukiya ba ta magani. Ya yi jinyar masassara wata damina, ya tashi, cin abinci bai tashi tare da shi ba. A kawo tuwon shinkafa da miyar kaji, ya duba ya kau da kai. A dama fura, ya kurɓa ya ture. Har wuyansa ya zurma, rawani ya yi masa yawa. Sai ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya dawo masa da marmarin abinci, zai zaunar da shi a damansa su ci akushi ɗaya.

Ba wanda shelar nan ta soka kamar Waziri Barmo. Tun suna samari shi ke zama a daman Sarki, shi kaɗai ke sa hannu a akushinsa. Yana son Sarki ya warke, wannan ba shakka, amma yana so a ce ta hannunsa aka warke. Saboda haka duk mai maganin da ya zo ya gaza, sai Waziri ya raka shi bakin zaure da fuskar jimami, zuciyarsa kuwa wasai.

Ana nan sai wani madugu mai suna Cindo ya sauka da ayarinsa, ya zo fada gaisuwa. Ba magani ya kawo ba. Sarki ne ya tambaye shi labarin hanya, shi kuwa mutum ne mai daɗin baki, sai ya shiga ba da labari.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, hanya ba ta da daɗi sai don abin da ake ci a kanta. In ka isa Tudun Mahauta, kada ka wuce kilishinsu, ana ɗaga shi ka hango rana ta cikinsa. In ka gangara Rugar Arɗo Jaɓɓi, kindirmonsu ludayi na tsayawa a ciki. A Kwarin Giginya akwai dakuwa mai narkewa kafin haƙori ya taɓa ta. Amma duk cikinsu ba kamar wainar Bakin Gulbi."

Sarki ya gyara zama, ya ce, "Wane ƙamshi nake ji daga jakarka?"

Cindo ya fito da ragowar kilishin guzurinsa. Sarki ya yagi kaɗan ya tauna, ya sake yaga, har ya cinye ya nemi ruwa. Fada ta ɗauki murna. Kashegari aka shimfiɗa wa Cindo buzu a daman Sarki, aka matsar da na Waziri baya.

Tun daga ranar Waziri bai ƙara jin ɗanɗanon komai ba. Yana zaune yana kallon hannun wani yana shiga akushin da ya saba, yana jin Sarki na dariyar da ya daɗe bai yi ba, kuma ba shi ya sa shi ba. Sarki kan ci lomar da ba ta taka kara ta karya ba, in Cindo na ba da labari, kullum kuwa zancen ya ƙare a kan wainar Bakin Gulbi. Da Sarki ya ce a kawo masa ita, Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ta tafiya. Daga tanda sai baki. Wanda ke son ta shi ke zuwa."

Nan Waziri ya ga ƙofa. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a duba maganar nan. Baƙon da ba a san asalinsa ba yana kwaɗaita wa Sarki fita daga ganuwa, ga ka ba ƙarfi. Wa ya taɓa jin wainar da ta fi girkin fada? Ni dai ina jin ƙarya ya shirya, akwai masu jira a hanya."

Sarki ya dubi Cindo, ya dubi Waziri. Sa'an nan ya ce, "A tsare madugu, kada a wulaƙanta shi. Kai Waziri, ka tuɓe alkyabba ka bi fatake, kada kowa ya san ko kai wane ne, don kada a yi maka girkin sarauta. Ka ci abin da ya lissafa. In ƙarya ya yi, akwai abin da ke bayanta, zan sa a sare shi. Na sa ransa a bakinka."

Waziri ya fita da niyyar kada komai ya yi masa daɗi. Amma rana ta buge shi, tafiya ta sassaƙe shi, ya isa Tudun Mahauta da yunwar da bai taɓa sani ba a fada. Ya tarar da nama shanye a kan karan dawa, ana tsoma shi cikin labu, wato kwaɓin ƙuli da yaji, ana gasawa. Ya sayi falle ɗaya don ya sami abin kushewa. Kafin ya farga ya ci uku. Ya tashi yana jin haushin kansa.

A rugar Arɗo aka dama masa fura da kindirmo, aka jefa curin man shanu. Don neman ƙure Cindo ya tsayar da ludayi a tsakiyar ƙwarya, ludayi ya tsaya. A Kwarin Giginya ya cika aljihu da dakuwa, ya ƙara da muruci da kantun riɗi, abin da Cindo bai ma ambata ba. Kowace loma mai daɗi sai ta sauka masa kamar gaushi, domin kowace tana shaidar cewa mutumin nan bai yi ƙarya ba.

Da ya isa Bakin Gulbi da hantsi, aka nuna masa wata dattijuwa, Iya Tabawa, tana suya a gindin tsamiya kusa da mashigin jirage. Ta zuba masa waina da zafinta, ta kwarara miyar taushe, ta barbaɗa garin ƙuli-ƙuli. Cikin wainar fari sol, laushi kamar auduga, gefenta na ƙaras-ƙaras.

Ta ce, "Baƙo, fara da gefen. Haka Madugu Cindo ke koya wa mutanensa. Ka san shi?"

Waziri ya ce, "Na taɓa jin sunansa."

"Allah ya kai shi lafiya inda ya nufa. Shekarar da ruwa ya cinye mini rumfa, shi ya tsayar da ayarinsa suka kafa mini wata."

Waziri ya sunkuya ya ci gaba da ci. Ya ga ashe ba fada kaɗai ba, har bakin ruwa an riga shi shiga zukatan mutane. Ya ce zai kwana ɗaya ya juya, sai ga shi ya yi kwanaki, kullum da hantsi yana gindin tsamiya. A hanyar dawowa bai tsallake ko zango ɗaya ba. Amma da ya hango ganuwar birni, ya tuna buzun nan da ke daman Sarki, sai zuciyarsa ta bushe. Ya ce a ransa ba wanda ya ga abin da ya ci.

Aka taru a fada, aka fito da Cindo. Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na je na gani. Kilishin kamar ƙirgi, nonon tsararo, dakuwar duk tsakuwa. Da ƙyar na dawo da raina saboda yunwa."

Cindo ya dube shi.

Sarki ya ce, "Ka sha wuya. To, wainar fa? Madugu ya ce da zuma ake cin ta."

Waziri ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, zuma ai ɓata ta za ta yi. Da miyar taushe ake ci, a barbaɗa ƙuli-ƙuli, kuma sai an fara da gefen tun tana tururi, don in ta huce..."

Sai ya ji abin da bakinsa ke faɗi, ya haɗiye yawu. Duk fada aka ji ƙarar haɗiyar.

Sarki ya ce, "Madugu bai taɓa cewa zuma ba, ni na ƙaga. Matso, ka ciro zoben wazirci ka ba ni."

Waziri ya kama zobe ya ja, zobe ya ƙi. Ya murɗa, ya sa yawu, yatsa ya cika ya tumbatsa, zobe ko motsi. Fadawa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Sarki bai yi dariya ba.

Ya ce, "Ka fita kamar sillen kara, ka dawo kumatu na sheƙi, kana ce mini yunwa. Barmo, tare muka tashi. Saboda wurin zama za ka sa in zubar da jinin mutumin da bai yi mini komai ba sai alheri?"

Waziri ya kifa goshi a ƙasa.

Sarki ya yanke hukunci. Ya ce shi da kansa zai fita rangadi ya ci abin nan a inda ake yin sa, Cindo ne jagora. Waziri kuwa zai ja linzamin dokin Sarki a ƙasa, kuma duk kasuwar da aka sauka zai tsaya ya faɗa da bakinsa cewa madugu ya yi gaskiya, shi ya yi ƙarya. Haka aka yi. Wadda ta fi yi masa ciwo ita ce ta Bakin Gulbi, inda Iya Tabawa ta saurare shi har ya gama, ta zuba wa kowa waina, shi ta miƙa masa tasa ba ta dube shi ba. Sarki kuwa iskar hanya da yunwar tafiya suka buɗe masa ciki, ya komo birni da ƙarfinsa.

Da aka natsu, Sarki ya ce wa Cindo buzun dama nasa ne har abada. Cindo ya yi godiya, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ba mazauni ba ne. Tun ran da na zo nake neman yadda zan yi sallama. Rani ya yi, jakunana sun huta, a ba ni izini in kama hanya."

Waziri na gefe yana ji. Ashe wurin da ya nemi kashe mutum a kansa, mai shi bai taɓa so ba.

Aka sallami Cindo da kyauta mai yawa. Sai da shekara ta kewayo Sarki ya yarda aka mayar da buzun Waziri wurinsa, Waziri kuwa bai ƙara kai sukar kowa ba. Amma an ce duk sa'ad da rani ya kama, fatake suka fara ɗaura kaya, Cindo ya sake biyowa ta birnin, akan ga Waziri Barmo tsaye a ƙofar gari yana bin ayarin Cindo da kallo har ya ɓace. Wata rana Sarkin Ƙofa ya tambaye shi ko har yanzu da sauran ƙulli tsakaninsu.

Waziri ya ce, "Da saura. Nan da 'yan kwanaki yana gindin tsamiya, ni ina nan."